Ɗurar Iya

Shekarar da na haifi 'yata ta fari ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kibiya, gidanmu kuwa yana cikin Rano. Bakwaini na haifa. Ranar da aka miƙo mini ita a asibiti sai da na ji tsoron riƙe ta, don duk jikinta bai cika tafin hannuna biyu ba. Allah ya raya ta, amma likitan da ya sallame mu ya ja kunnena a kan abu ɗaya: ƙirjin yarinyar nan ba shi da ƙwari, kada in yi wasa da sanyi, kada in yi wasa da tari. Maganar ta zauna mini a rai. Ko atishawa ta yi sai gabana ya faɗi.

Hutun haihuwata ya haɗe da dogon hutun makaranta, don haka na samu na zauna da ita har ta kusa wata shida. Daga nan babu sauran dabara, ko in koma aiki ko in rasa shi. Sauran malamai mata da goyonsu suke zuwa, su shimfiɗa zani a ofis su kwantar. Ni kuwa kullum sai na hau mashin daga Rano zuwa Kibiya, ga damina ba ta ɗauke ba, kuma ba zan ɗora wannan ƙirjin a kan iskar safe ba. Mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa. Uwar mijina, wadda muke ce wa Hajiya, gida ɗaya muke da ita, amma gwiwoyinta sun gaji, hannunta ma rawa yake yi. Maigidana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Rano da Kano, tun asuba yake fita sai bayan magariba. Dole dai a nemo mai raino, kuma babbar mace, ba 'yar yarinyar da za ta yar mini da ita a tabarma ta tafi wasa ba.

Mata biyu aka kawo mini. Ta farko ƙanwar maƙwabciyata ce, bazawara daga Rurum Tsohon Gari, aurenta bai yi nisa ba ya mutu, ba ta taɓa haihuwa ba. Mai tsafta ce, mai sanyin murya. Da na ba ta yarinyar sai ta karɓe ta kamar an ɗora mata tiren ƙwai, ta sandare ba ta ko motsi. Ta dinga jero mini tambayoyi: zafin ruwan wanka ina ya kamata ya tsaya, ta wane gefe ake kwantar da ita, da wane sabulu ake wanke mata kaya. Ni da nake neman wadda za ta koya mini, sai ga wadda zan buɗe wa aji. Na ce a raina, ɗaliban da nake da su a Kibiya ma sun ishe ni.

Ta biyun Hajiya ce ta aika aka ɗauko ta daga Saji. Dattijuwa ce gajera ƙaƙƙarfa, mijinta ya daɗe da rasuwa, kowa Iya yake ce mata. An ce da wuya ka sami gidan da ba ta shiga wankan jego ba a yankinsu, ta kuma yi raino a gidaje a Kano har 'ya'yan da ta goya sun yi aure. Ta shigo yarinyar tana tsala kuka a hannuna. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo hannu ta ɗauke ta, ta shafa maɗigarta, ta ɗaga riga ta duba cibiya, ta kifa ta a kafaɗa ta bubbuga bayanta. Yarinya ta yi gyatsa ta yi shiru.

"Bakwaini ce, ko?" in ji Iya.

"Ita ce, Iya."

"Irinsu ƙwari gare su in sun kama ƙasa. Ki kwantar da hankalinki, Malama."

Da maigida ya dawo na ba shi labarin su biyun. Yana wanke hannu zai ci tuwo ya ce, "Ke yanzu in zan ba da motata a kai mini fasinja Kano, wa zan miƙa wa makulli? Wanda ya haddace ramukan hanya, ko wanda jiya ya fara koyo?" Ban yi masa musu ba, don abin da ke raina ke nan. Washegari Iya ta kawo ƙullin kayanta ta sauka a ɗakin Hajiya.

Akwai wani abu da ya ɗaure mini hannu a gidan nan. Yarinyar 'yar fari ce, mu kuma gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. A gaban Hajiya ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa, ko kuka take yi sai na kau da kai har sai an ce, "Ɗauke ta mana ki ba ta." Ni kuwa mutum ce mai saurin fushi da saurin magana, ɗalibaina ma sun shaida. Amma a tsakar gidan nan na koyi haɗiye abu, sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa sannan in rungume 'yata in yi ta sumbatarta kamar ɓarauniya.

Makonnin farko sai godiya. Nakan tatsi nono in bari, in dama kunun gero da waken suya in zuba a fulas. In na dawo da la'asar sai in tarar an yi mata wanka, an shafe ta da mai, an sa mata kwalli, kwanon kunu kuma a wanke a kife. Kumatu suka fara fitowa. Da na kai ta awo ma'aikaciyar asibitin har tafa mini ta yi. Iya "mutuniyata" take ce mata, yarinyar kuwa da ta ji muryarta sai ta hau wutsil-wutsil da ƙafa. Har wani ɗan kishi na fara ji.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ranar Asabar da Lahadi in na zauna zan ba ta kunu da cokali, sai ta datse baki ta juya kai, ko ɗigo ba ta yarda ya shiga. Na yi wasa, na yi waƙa, na yi lallashi, a banza. Na tambayi Iya yadda take yi, ta yi dariya ta ce, "Ke uwa ce, ƙanshin nono take ji a jikinki. Kawo ta nan." Sai ta ɗauke ta da kwanon su shige sashen Hajiya. Ni kuma ba zan bi bayan 'yar fari zuwa ɗakin uwar miji ba. In jima kaɗan a dawo mini da ita ciki taf, ido jajur, tana ajiyar zuciya.

Daga baya tari ya fara. Ba mai yawa ba ne, amma in na kara kunne a bayanta ina jin wani ɗan kurkur a ciki. Na kuma lura da cewa duk lokacin da na kwantar da ita rigingine a cinyata, ko don in sauya mata riga ne, sai ta ƙanƙame jiki ta fasa ihu tun kafin in taɓa ta. Na gaya wa maigida. Ya ce sanyin damina ne, zai sayo mata rigar sanyi a Kano.

Wata rana da hantsi iska ta taso ta yaye kwanon rufin azuzuwa biyu, shugabar makaranta ta sallami kowa. Na iso gida kafin azahar, lokacin da babu wanda ke tsammanina. Tun daga zaure na ji wani sauti da ban taɓa ji ba. Ba kuka ba ne. Kamar ana tura kwalba cikin randa ne, sai a yi tsit, sai wani jan numfashi mai ƙara, sai a sake. Ban yi sallama ba na shiga.

Iya tana zaune a kujera 'yar tsuguno. Ta kwantar da yarinyar a cinya, kanta ya ɗan yi ƙasa, ta matse ƙafafunta a hammata. Ta tara tafin hannun hagu a bakinta ta cika shi da kunu, da yatsa kuma ta toshe mata hanci. Yarinyar tana buɗe baki neman iska, kunun yana gangarawa. Idanunta sun firfito, hannunta ɗaya da ya kuɓuce yana dukan iska. Hajiya tana gefe a tabarma tana jan carbi, tana cewa, "Yauwa, saura kaɗan."

Na san ɗura, wa bai san ta ba? Na ga ana yi wa yaran unguwa tun ina ƙarama. Amma ban taɓa ganin ta a kan ƙirjin da likita ya ja mini kunne a kansa ba. Ban san lokacin da na jefar da jakata ba. Na fizge yarinyar daga cinyar Iya, kwano ya kife, na kira sunanta da ƙarfi a tsakar gida, na kifa ta ina bubbuga bayanta. Kunu ya fito ta baki ya fito ta hanci. Sai da ta ja numfashi ta fashe da kuka sannan na daina bubbugawa.

"Iya, kashe mini ita za ki yi?"

Hajiya ta ajiye carbi a hankali.

"Yau na ga ikon Allah," in ji ta. "'Yar fari, a gabana, har da kiran suna. Ke 'yar nan, uban yarinyar da kike taƙama da shi, da me aka raine shi? Da hannun nan nawa na ɗura masa, ga shi can yana tuƙa mota. Ko ke da kike tsaye, kina tsammanin da cokali aka yi ta bin ki?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Likita ya ce ƙirjinta..."

"Likita ne ya fito mata da kumatun nan?"

Gaskiya ta faɗa. Kumatun da nake alfahari da su a wurin awo, ta wannan hanyar suka zo. Iya kuwa ta sauko daga kujera. Ta durƙusa tana kwashe kunun da ya zube da hannu, kunnuwanta na jin duk abin da ake faɗa.

Da maigida ya dawo ya tarar da gida ba daɗi. Ya shiga wajen Hajiya ya daɗe, ya fito ya same ni ya ce na yi rashin kunya, in je in ba da haƙuri. Na ce zan je, amma shi ma ya zaɓa: ko a bar ɗura ko in bar aiki. Ya san ba wasa nake ba, ya kuma san albashina ne ke riƙe rabin gidan. Aka taru a ɗakin Hajiya, na durƙusa na nemi gafara a kan ɗaga murya, sannan na roƙi Iya don Allah don Annabi ta bar yi mata ɗura, ko da yarinyar za ta wuni ba ta sha komai ba sai nonon da na tatsa.

"To, Malama," in ji Iya. "Na bari."

Na so in sallame ta a ranar. Abin da ya hana ni, wa zan kawo? Wadda ba ta san zafin ruwan wanka ba? Iya ta san kukan yunwa da na ciwon ciki da na barci tun daga nesa. Na ce wa kaina kuskure ɗaya ne, an kuma gyara.

Iya ta cika alkawari da farko, na kuma ga abin da cika shin ya jawo. Ina dawowa in tarar da kunu a kwano ya yi sanyi ya kama fata. Nonon da na tatsa ma rabi take sha. Yarinyar tana ganina sai ta hau rawar jiki ta cafki nono kamar za ta cinye ni. Kumatu suka fara zubewa. Hajiya ba ta ƙara yi mini magana kai tsaye ba, sai dai in na zo wucewa ta ce da Iya, "Dubi wuyanta, kamar na ɗan tsako." Ita kanta Iya ta rame. Na taɓa leƙowa ta taga na gan ta zaune da cokali a hannu tana roƙon jaririya kamar mai roƙon babban mutum, "Haba mutuniyata, ko ɗaya, don darajar iyayenki."

Sai kuma wata rana na dawo na ga kwano a wanke a kife.

"Ta sha ne, Iya?"

"Ta ɗan taɓa."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Na shiga ɗaki na duba hancin yarinyar, na shinshina wuyan rigarta, na kara kunne a bayanta. Ban sami abin kamawa ba. In na tambayi Hajiya, na ce dattijuwa ta yi ƙarya ke nan, kuma a bakin wata dattijuwar. Washegari ma kwano a wanke. A makaranta na kasa tsayawa wuri ɗaya. Ina rubutu a allo sai in tsaya da alli a hannu, in ji sautin kwalbar nan a kunnena, har sai wata ɗaliba ta ce, "Malama, ba ki ƙarasa ba." Na kira wayar Hajiya lokacin hutun tara, ta ce lafiya lau, me zai faru, ta kashe.

Rana ta gaba ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyata ce, tana haki.

"Malama, ki taho. Na ga Iya ta fita a guje da yarinya a baya, ko takalmi babu. Ta ce asibiti."

Ban nemi izinin kowa ba. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga Kibiya sai da ya ce, "Malama, in na ƙara wuta mu biyun za a kwantar." Na ce ya ƙara. Duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, babu abin da ya rage a bakina sai Innalillahi, ita nake ta maimaitawa har muka shiga Rano.

Na same ta a ɗakin yara, an sa mata robar iska a hanci, an ɗaure ɗan hannunta da allurar ƙarin ruwa. Duk jan numfashi sai fatar da ke ƙasan haƙarƙarinta ta lotsa ciki. Jikinta zafi kamar garwashi. Iya tana tsaye a gindin gado, ƙafafunta duk laka, ɗankwalinta ya zame. Ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta ce, "Ki gode wa Allah, ki gode wa tsohuwar nan. Da an jira zuwa yamma, da wani zancen ake yi." Daga baya na ji yadda aka yi. Iya ce ta ga hancin yarinyar yana buɗewa yana rufewa, ta ɗaga riga ta ga haƙarƙari. Hajiya ta ce a shafa man zafi a jira maigida. Iya ta ce wannan ba na jira ba ne, ta saɓa ta a baya ta fita.

Ba a daɗe ba aka kawo Hajiya a adaidaita sahu, maigida ma ya juyo daga hanya. Likita ya zo ya saurari ƙirjin ya daɗe, ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ana yi mata ɗura?"

Hajiya ta sunkuyar da kai.

"Ni na yi mata," in ji Iya. "Jiya da shekaranjiya. Uwarta ta hana ni."

Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce mata, "Iya, hanyar abinci da hanyar iska maƙwabta ne a maƙogwaro. In aka toshe hanci yaro ya ja numfashi da kunu a baki, wani yana bin hanyar iska ya sauka a huhu. Ba a ganin komai a ranar. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi ya taso da tari, a ce sanyi ne." Iya ta tsura masa ido har ya gama, ba ta ƙifta ba.

Mun yi kwanaki a asibitin. Na farkon ba na son tuna su. Ina zaune ina kallon fatar haƙarƙarin nan tana shiga tana fita, ina jin tsoron in na kau da ido za ta tsaya. Kunyar 'yar fari kuwa a ƙofar asibiti na bar ta, ina kiran sunanta a gaban kowa, Hajiya ba ta hana ni ba. Iya ta ƙi komawa gida. Ta shimfiɗa ɗankwali a baranda, nan take sallah, nan take wanke mana kaya. Ina jin haushinta har cikin ƙashina, kuma duk lokacin da na fito na gan ta sai in tuna ƙafafunta da laka. Na rasa inda zan ajiye ta a zuciyata.

Ranar da aka cire robar iska, yarinyar ta kama nono da kanta, na fito baranda da la'asar na zauna kusa da Iya. Ban shirya magana ba, ita ta fara.

"Ɗana na biyu namiji ne," in ji ta. "Ƙyanda ta kama shi, ta sake shi, sai ya ƙi cin komai. Lokacin ina yarinya kamarki. Uwar mijina ta ce in ɗura masa, na gwada sau ɗaya, kukansa ya karya mini zuciya, na bari. Na ce in ya ji yunwa zai ci. Bai ci ba, Malama. Ina kallonsa yana ƙarewa kamar sabulu. Ranar da aka fita da shi uwar mijina ta ce tausayina ne ya kashe shi. Tun daga ranar ban ƙara barin yaro ya wuni da ciki wayam a hannuna ba."

Na share hawayen da suka zubo mini. Sannan na yi mata tambayar da ya kamata in yi.

"Iya, kin ji abin da likita ya ce. In muka koma gida, na tafi Kibiya, ta ƙi cokali tun safe har azahar, me za ki yi?"

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta na hagu.

"Zan ce miki na bari, kuma har zuciyata nake faɗa. Wancan karon ma har zuciyata na faɗa. Amma in rana ta take, na ga cikinta ya lafe, hannun nan ba ya jin maganata. Kada ki bar mini ita, Malama."

Da aka sallame mu, Hajiya da kanta ta roƙe ni in bar Iya ta zauna, ta ce ai yanzu kowa ya ji jiki. Maigida ya ce wadda ta ceci ran 'yarka ba a yi mata haka. Na ce musu ba ni na yanke ba, ita ta yanke. Na aika wa maƙwabciyata ta kira mini ƙanwarta, bazawarar nan ta Rurum. Iya ta ƙara 'yan kwanaki tana nuna mata aiki: yadda ake goyo ba a danne ƙirji ba, yadda ake gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, inda za ta duba a haƙarƙari in ta ji tari. Ta koya mata komai. Lokacin ba da kunu ne kawai take tashi ta fita zaure ta zauna har a gama.

Ranar tafiyarta da safe mai mashin ya zo zai kai ta Saji. Yarinyar tana hannuna, tana ganin Iya ta ɗauki ƙulli sai ta miƙa hannu biyu tana zillo, ta fasa kuka. Iya ba ta karɓe ta ba. Ta yi sallama da Hajiya, ta yafito ni zuwa zaure, ta rage murya.

"Malama, tun da likitan nan ya yi magana ban yi barcin kirki ba. Akwai wata yarinya da na taɓa raino a Kahu, shekarun baya. Kyakkyawa, mai ƙin abinci irin mutuniyata. Na ɗura mata ranar kasuwa, kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta da tari, haƙarƙarinta yana lotsawa kamar yadda na wannan ya yi. A jikinta ma na fara sanin alamar. Ba ta kai mako ba." Ta kama gefen mayafina. "Ke da kika yi karatu, gaya mini. Ni ce?"

Yarinyar tana ta kuka a kafaɗata tana neman ta. Na dubi tsohuwar nan da ta yi gudu ba takalmi da 'yata a baya.

"Allah ne masani, Iya," na ce. "Kwananta ne ya ƙare."

Ta saki mayafina a hankali.

"Haka na ce wa uwarta," in ji ta. Ta ɗauki ƙullinta ta fita wajen mai mashin.